Ƙurji Guda a Hannun Sambo

Ranar kasuwar Filinge, hantsi bai gama ɗagawa ba, aka jera 'yan lakwal, wato makarantar boko, a gindin gawon da ke bakin bariki, aka ce kowa ya naɗe hannun riga.

Dijatu mai dafa musu tuwo tana tsugune bayan danga tana kankare tukunya, amma fa hannu ne kawai a tukunyar, ido da kunne suna gindin gawo. Musa lokotoro ne ya zo, wato likita, dogon Babambaren nan mai jar dara da Nasara suka turo daga Yamai da akwatin magani. Kasuwar da ta wuce ya yi wa yaran lambar agana, rigakafin cutar ƙurajen nan mai kisa, 'yar tsaga a damtse, ya shafa wani ruwa daga kwalba. Yau ya dawo ya ga ko ta kama.

Ya kama hannun na farko, ya juya, ya sake juyawa. Sumul. Na biyu, sumul. Haka ya bi layin yana ƙara sauri, fuskarsa tana ƙara haɗewa. Da ya zo kan Kailu, ɗan Dijatu tilo, har sai da ya kai ido kusa kamar mai neman ƙaya.

"Mushe," ya ce da malamin lakwal, yadda ake kiran malami da Faransanci, "ko a kan dutse na yi lambar nan? Ƙurji ko ɗaya babu!"

Dijatu ta cusa kai cikin tukunya don kada a ga murmushinta. Aikinta ne. Ranar da aka yi lambar, lokotoro yana juya baya ta tattara yaran bayan madafa, ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka, ta dirje hannun kowa tas, sannan ta sa su shanya damtse a rana. Iyayensu mata har goro suka aiko mata. Ai kowa a ƙasar Kurfai ya san abin da wannan tsaga take nufi. Shekarar da aka ɗebi samari zuwa yaƙin Nasara, a wannan gindin gawon aka jera su, mijinta Sahabi yana ciki, aka yi musu irin wannan lamba a damtse, aka tasa ƙeyarsu kudu. Sahabi bai dawo ba. To yanzu kuma a ce ɗansa za a yi wa shaida kamar ɗan maraƙi? Ba dai tana numfashi ba.

Yaro ɗaya ne ya kuɓuce mata: Sambo, ɗan Fulanin nan da aka tilasta wa ubansa ya ba da shi lakwal. A ɗakinta yake kwana tare da Kailu, kuma duk cikin yaran babu mai son tuwonta kamarsa. In ta buga muciya a gindin tukunya ta ɗaga murya, "Tuwo ya sauka, mai jinkiri shi sha ruwa!" to ko a saman itace Sambo yake, shi ne na farko a gabanta. Rannan ta riƙe hannunsa ke nan za ta dirje, sai ga ubansa Hammadu ya biyo daga kasuwa, ya tare da sanda.

"Bar mishi. Mu ma haka muke yi ma shanu in ciwon huhu ya shigo."

"Ɗan mutum ne wanga, ba ɗan saniya ba!" in ji Dijatu. "Da ma mi za a samu ga wanda ya hi son bijiminai bisa ɗiyanai?"

Hammadu ya ja ɗansa ya wuce. Jiya da asuba kuma, da aka fara raɗe-raɗin agana ta ɓulla wajen Bonkuku, ya lallaɓo ya ɗauke yaron, ya tada rugarsa, ya yi arewa da shanu.

Lokotoro ya miƙe tsaye, ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya wanke muku hannu?"

Sai duk idanun nan suka juya lokaci guda, kamar awaki sun ji motsin dusa, suka tsaya a kan danga.

Kafin Musa ya buɗe baki sai ga ihu daga hanyar kasuwa. Habsa ce, maƙwabciyar Dijatu, a guje, kallabi a hannu.

"Agana! Agana ta shigo gari! Baƙon nan na zauren Albarka, jikinai duk ya feso!"

Tukunya ta suɓuce daga hannun Dijatu. Albarka ƙanenta ne, mai fataucin kanwa, kuma baƙon da ya sauka a zaurensa ɗan koli ne daga Bonkuku, ya iso shekaranjiya yana rawar ɗari. Ita da kanta ta dama masa fura. Kuma wa ta aika da ƙwaryar, safe da yamma? Wa ya zauna kusa da shi yana kallon madubai da tsakiyoyin da ke cikin jakarsa?

Kailu.

Dijatu ta san agana, ba labari aka ba ta ba. Zanenta yana nan a fuskarta da ta Albarka tun suna yara. Yayyen Kailu biyu kuwa agana ce ta kwashe su a bazara ɗaya, ta bar mata tabarma wayam.

Ba ta san lokacin da ta tsallake dangar ba. Ta bi bayan lokotoro har zauren Albarka, ta tsaya a ƙofa, ta ga abin mamaki. Mutane sun dare, har da masu gemu, amma Musa ya shiga kai tsaye, ya durƙusa, ya ɗaga kan majinyacin ya ba shi ruwa, kamar mai jinyar ciwon kai. Da ya fito ya wanke hannu, ta tare shi.

"Kai ba ka tsoro? Ban ga zanenta ga huskarka ba."

Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mata wani tsohon tabo kamar gindin kwabo. "Ga zanena. Garuruwan agana da na shiga sun fi gashin kanki, inna. Wannan ne ya tsare ni."

"Wagga lamba ce anka yi ma mijina, anka tahi da shi."

"Soja ne? To an riga an ɗauke shi kafin a yi masa. An yi musu ne don kada agana ta cinye su a hanya. Lamba ba ta kiran kowa soja, inna. Agana kawai take kora."

Dijatu ta kama bakin rigarsa da hannu biyu. "To sake yi mishi! Ɗiyana ya zamna ga baƙon nan tun shekaranjiya. Sake yi mishi yanzu, wallahi ko ƙuda ba ya sauka wurin!"

"Da me? Kwalbar ta ƙare a kan hannayen da kika wanke. Kafin a aika Yamai a kawo wata, zafin nan ya kashe ta a hanya, ko kuma agana ta riga ta." Ya goge gumi. "Lamba ta fi agana gudu, in an sa ta da wuri. Yau, ko gobe da safe, za ta sha gabanta. Bayan haka sai addu'a. Da a ce hannu ɗaya ya kama, ɗaya tak, da na ɗebi ruwan ƙurjin na yi wa sauran. Daga kasuwa zuwa kasuwa yake nuna, yau ne ranarsa. Amma kin share gonar kaf, ko iri ba ki bari ba."

Dijatu ta saki rigar. Idonta ya buɗe.

"Akwai guda."

"Me?"

"Akwai hannu guda! Albarka! Kai Albarka, ina raƙuminka?"

Albarka ya leƙo daga bayan rumbu, inda ya laɓe tun da ya ga jar dara. "Yaya, raƙumin ga jiya yaz zo daga tahiya, ko ruwa bai…"

"Durƙusar da shi ko in durƙusar da kai!"

Kafin a ce kwabo gari ya ɗauka. Musa ya ruga bariki ya fito da doki, ya ɗora Kailu a gabansa, akwatin magani a baya. Dijatu, wadda ko jaki ba ta cika hawa ba, ta ɗare bayan Albarka ta ƙanƙame ƙugunsa. Raƙumi ya yi gurnani, ya tashi da ƙafafun baya, ta ga ƙasa ta taho mata, ta yi salati. Ya tashi da na gaba, ta ga sama, ta sake wani salatin.

Daga can sama ta hango Habsa. "Ke Habsa! Ki gaya ma mata ni na yi ɓarna, lambar magani ce! Su kwaso ɗiyansu su biyo sawunmu, hanyar Tukunus!"

"Su biyo ki ina, ke da kinka ce…"

"Na ce, na kuma kwance! Ku biyo!"

Suka fita gari suka faɗa dallol, kwarin nan mai faɗi da ya miƙe arewa tsakanin duwatsu ja. Rana ta take. Doki a gaba, raƙumi yana binsa da dogon taku, kowane taku sai haƙoran Dijatu sun haɗu.

"Yaya, sassauta mini, haƙarƙarina!"

"In na sake ka na faɗi, kai za ka yi ma Kailu tuwo? Buga mishi!"

"Raƙumi ba a bugunai, lallashinai ake."

"To lallashe shi da sauri!"

Kailu kuwa ko a jikinsa. Yau ga shi a kan dokin bariki, sai waige yake yana washe baki. Duk waigen da ya yi, Dijatu sai ta ƙura wa fuskar nan ido, sumul kamar sabuwar ƙwarya.

Sawun shanu a fili yake, har suka kai wata rijiya inda hanya ta rabu biyu, garkuna suka tattake wurin, sawu ya hau kan sawu. Wasu mata suna jan ruwa. Suna hango jar dara suka saki guga, biyu suka yi cikin sabara, wata tsohuwa da ba ta iya gudu ta tsaya a bakin rijiyar.

"Iya, Fulani sun wuce nan da shanu?" in ji Musa.

"Hilani? A'a. Awo, sun wuce. Can sunka yi." Ta nuna yamma, wajen duwatsu.

Musa ya juya linzami. Dijatu ta dubi tsohuwar, ta dubi hular, ta daka masa tsawa: "Tsaya! Lokotoro, tuɓe hular ga."

"Hular aiki ce."

"Ita ta sa anka yi maka ƙarya. Duk wanda ya gan ta haraji yake gani, ko kamun soja. Ni ma da ni ce, yamma zan nuna maka. Miƙo ta nan!"

Musa ya cire ya miƙa mata. Ta cusa ta cikin zane. Ta sa Albarka ya durƙusar da raƙumi, ta sauko tana tangaɗi, ta je ta durƙusa gaban tsohuwar ta kama hannunta ta ɗora a kan kumatunta.

"Iya, taɓa ki ji. Kin san wagga?"

Yatsun tsohuwar suka bi ramukan. "Agana."

"Ta shigo Hilinge. Ga ɗiyana can bisa doki, shi kaɗai ta rage mini. Maganinai yana ga ɗan Hilanin nan. Don Allah, don Annabi, ina sunka yi?"

Tsohuwa ta dubi Kailu, ta dubi kan Musa da ke ƙyalli a rana babu hula. Ta juya ta nuna gabas da haɓa. "Bayan tudun can akwai fadama. Da hantsi sunka shayar nan. Suna da 'yan maruƙa, ba su nisa."

Rana ta karkata lokacin da suka hau tudun. Dijatu ce ta fara gani: farare da jajayen shanu sun bazu cikin fadama, shanun dako a tsaye da kaya ba a sauke ba, mata suna kakkafa sanduna. Ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai ta ga wani ya fito daga cikin garke ya nufo su, malfa a ka, sanda a kafaɗa, takobi a rataye. Hammadu ne. Tun daga nesa ya gane dokin bariki.

Ya ja layi a ƙasa da sandarsa. "Nan za ku tsaya."

"Salamu alaikum, Hammadu," in ji Dijatu.

"Amin, alaikumus salam, Kaɗo mai tsamiya. Yau kuma wa za ki wanke?"

Ta ce, "Wurin Sambo munka zo."

"Babu Sambo. Ya bi kawunnai da garken gaba, sun yi kwana ɗaya gabanmu."

Musa ya sauko daga doki ya fara bayani, agana, baƙo, ƙurji, amma kalma ɗaya Hammadu ya ji. Ya ja da baya, ya ɗora hannu a kan takobi.

"Agana ce cikin gari, kunka kwaso ta kunka biyo ni da ita har daji? Yaron can ya zamna ga mai ciwo?"

"Bai fara zazzaɓi ba, ba ya ba kowa," in ji Musa. "Amma zai tsaya can gindin aduwa, ba zai matso ba."

"Shi tsaya inda ya ga dama. Na ce babu Sambo."

In gaskiya ne, kwana ɗaya gaba, to an gama. Dijatu ta bi rugar da kallo. 'Yan mata biyu ƙanana suna leƙe daga bayan uwarsu. Babu yaro. Amma can gefe akwai wani sa na dako da aka ɗora wa tabarmi a naɗe, kuma naɗin ɗaya ya yi kauri fiye da hankali. Matar Hammadu, Kadijatu, tana tsaye daf da shi, ba ta kafa sanda, ba ta sauke kaya, sai gyara bakin tabarmar take.

Dijatu ta juya wurin raƙumi, ta kwance 'yar tukunyar tafiya da Albarka yake ratayawa a sirdi, ta tsinci wani guntun ice. Ta kifa tukunyar a hannu ta shiga buga gindinta, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ta ɗaga muryar da duk Filinge ta sani:

"Tuwo ya sauka! Mai jinkiri shi sha ruwa!"

Tabarma ta motsa. Ta sake motsawa. Sai ga kai ya ɓullo daga bakin naɗin, da 'yan tukkaye biyu da idanu zuru-zuru.

"Inna Dijatu, da miyar kuka?"

Albarka ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Kailu ya yi tsalle daga gindin aduwa yana kiran "Sambo! Sambo!" Har Kadijatu sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Hammadu ne kawai bai yi dariya ba. Ya zare takobi rabi.

"Kun gan shi. To wanda ya ƙetare layin ga don shi maida mini ɗa lakwal, sai dai shi bi ta kaina."

"Ban zo kamun yaro ba," in ji Musa. Ya buɗe tafin hannunsa, ga 'yar aska ƙarama kamar ganyen magarya. "Ka gani, ko hula ba ni da ita. Ɗigon ruwa nake so daga hannunsa."

"Jinin ɗana za ka kai ma Nasara?"

"Ba jini ba. Ba kuma Nasara ba. Ga wanda zan kai wa can."

Hammadu ya girgiza kai. Rana tana ƙara sauka, inuwar aduwa ta yi tsawo har ta taɓo layin da ya ja. Dijatu ta ajiye tukunya, ta tako har bakin layin, ta durƙusa.

"Hammadu, na zage ka cikin mutane, kai ko kana da gaskiya. In rama kake so, ga ni, rama. Amma dubi shanunka." Ta nuna wata jar saniya da ke kusa, mai wani tudu a kan karan hanci kamar ɗan ƙaho na ukku. Rabin garken duk haka suke. "Kai ka ce haka kuke yi musu. Ƙaƙa kuke yi?"

Bafillace ba ya ƙin zancen shanu, ko da takobi a hannu. "In huhu ya kashe guda, mu yanko ɗan kaɗan ga huhun, mu tsaga hancin masu lahiya mu sa. Wadda hancinta ya kumbura ta tsira."

"In garken maƙwabcinka ne ciwon ya tasam ma, shi ko ba shi da abin sawa, kai kana da shi?"

Hammadu ya dubi garkensa.

Kadijatu ce ta amsa, daga can bayan sa, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ko irin nono ba a hanawa. Wadda madararta ta ƙi barci, in ta zo da ludayi, ko ba kwa magana sai ki zuba mata." Ta kamo hannun Sambo ta fito da shi daga tabarma. "Matar ga ta ciyar da ɗanka tun kaka, baban Sambo. Dubi wuyanai."

Hammadu ya dubi matarsa, ya dubi sama, ya mai da takobi kube da ƙarfi. Sannan ya sa ƙafa ya share layin.

Aka kawo Sambo. Musa ya durƙusa, ya ɗaga hannun rigar a hankali. Dijatu ta rufe ido, ta buɗe ɗaya.

Ga shi nan. Ƙurji guda, fari tas, ya cika ya yi tumbi, da ɗan rami a tsakiya da jan zobe kewaye. Ko ƙaya ba ta taɓa shi ba.

"Allahu akbar," in ji Musa. "Tun da nake aikin nan ban ga mai kyansa ba. Wa ya tsare shi haka?"

"Wa zai bari ɗan maraƙi shi sosa hanci?" in ji Hammadu, yana kallon wani wuri.

Musa ya sa aka hura wuta, ya gasa askar, ya bari ta huce. Ya ɗan taɓa gefen ƙurjin, wani ruwa garai-garai ya taru a bakin aska kamar raɓa. Ya taka a hankali zuwa gindin aduwa, tafin hannu ɗaya yana kare askar daga rana, Dijatu tana binsa kamar mai rakiyar amarya. Kailu ya miƙa damtse. Tsaga ɗaya, tsaga biyu, aka shafa.

"Shi ke nan?" in ji Dijatu.

"Shi ke nan. Saura ki bar shi ya bushe. Kuma inna…"

"Na sani! Kada ka faɗi."

Kadijatu ta turo 'yan matanta biyu gaba. "Wanda yaz zo ɗibar iri, ai shina barin tukuici." Aka yi musu. Ana cikin yi wa ta biyun Albarka ya ƙwala kira daga kan tudu, yana nuna kudu da hannu biyu.

Ƙura ce ta taso a dallol. Ƙarƙashinta jakuna, da mata da goyo, da 'yan lakwal a jere, malaminsu a gaba ya naɗe ƙafar wando, Habsa a kan wani jaki tana dukansa da takalmi. Dijatu ta saki guɗar da ta riƙe tun ɗazu, har shanu suka ɗaga kai.

Hammadu ya dafe malfa. "La'ilaha illallahu. Na gudu ma lakwal, lakwal ta biyo ni daji."

"Ba ka kai mata ɗa ba, ita taz zo," in ji Dijatu. "Sambo, zamna nan bisa turmi. Yau kai ne sarki."

Ƙurji guda ba rijiya ba ne. Musa ya yi ta tatsarsa da dabara, ɗigo-ɗigo, ya fara da waɗanda suka fi kusa da zauren Albarka, ya bi da ƙanana. Kafin rana ta faɗi ruwan ya ƙafe, saura yara da dama ba su samu ba. Iyayensu suka fara kuka.

"Ku yi haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa," in ji Musa. "Ku tsare su a gida, kada su kusanci zauren. In waɗannan suka kama, kowane hannu zai ba da iri. In suka kama."

Duk matan suka juya suka dubi Dijatu.

Wannan makon, mutanen Filinge sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Dijatu ta fasa 'yar ƙwaryarta sabuwa, ta huda gefe da gefe, ta kifa a kan damtsen Kailu ta ɗaure da zare, don kada riga ta goga. Ta bi gida-gida ta yi wa sauran haka. Tsamiyar da ke ɗakinta kaf ta kwashe ta ba Habsa ajiya. Yaro ya kai hannu zai sosa, sai ya ji muciya a bayan yatsu. Kowace safiya ta taɓa goshin Kailu, ta leƙa ƙarƙashin ƙwarya. Ja kaɗan. Washegari ɗan tudu. Rannan da yamma jikinsa ya yi ɗumi, ta ruga bariki ba mayafi, Musa ya zo ya duba fuska, ya duba tafin hannu da ciki, ya ɗaga ƙwarya, ya yi dariya.

"Wannan zafin na lamba ne. Ta sha gabanta, inna."

Ba ta yarda ba sai da kasuwa ta zagayo. Aka sake jera yara a gindin gawo, wannan karon da iyaye mata a bayansu, da wasu daga ƙauyuka da ba a ko kira su ba. Baƙon zauren Albarka yana can ya fara ɓawo, zai tashi da zane. Kailu yana zaune a kan turmin uwarsa, fuska sumul, yana hura hanci. Musa ya kwance zaren, ya ɗaga ƙwarya.

Fari tas, da rami a tsakiya.

Dijatu ta juya baya ta share ido da gefen zane, sai hannunta ya ci karo da wani abu mai laushi a ƙugu. Ta jawo. Jar dara ce, ta yamutse, tana warin hayaƙin madafa.

"Lokotoro, ga hularka."

Musa ya dubi layin matan da ya kai har bakin kasuwa, ya shafa kansa da rana ta gasa mako guda.

"Riƙe mini tukuna, inna. Turo na farko."